Olsa ba takalmin kaza ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ɗan tsakura min fili in yi magana a kan gyambon ciki, wato olsa, don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni dai ba likita bane, ko sakandare da ƙyar na ƙarasa, tela ne ni a Funtuwa, na fi shekara 20 ina taka keke. Amma an ce jiki magayi, shekara 9 cur na yi ina fama da ciwon nan kafin Allah ya yaye min, saboda haka ko ban san komai ba na san yadda yake tada mutum ƙarfe 2 na dare.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutun shi ne, shekaranjiya wani saurayi ya kawo min shadda, muna cikin gwaji sai naga ya dafe ƙahon zuciyarsa ya zaro katin omefrazol daga aljihu ya ɓalli ɗaya ya haɗiye ko ruwa babu. Nace masa malam lafiya? Yace wallahi oga olsa ce, shekarata 4 kenan kullum da maganin nan a aljihuna. Nace ka taɓa zuwa an gwada ka? Sai yayi dariya yace ai olsa ba a gwada ta, kuma ba ta warkewa sai dai lallaɓawa. Malam Edita wannan kalmar ta "sai dai lallaɓawa" ita ce ta kusa kai ni kushewa, kuma duk inda ka shiga a ƙasar Hausa za ka ji ta, a majalisa, a gidan suna, a bakin mai kemis, har a bakin waɗanda suka yi boko mai zurfi. Mun mai da olsa kamar takalmin kaza, mutu ka raba.

Nawa ciwon ya fara ne wajen 2013. Duk wanda ya san sana'armu ya san yadda muke in sallah ta matso, tun daga tsakiyar Sha'aban ba ka da barcin kirki, kana duƙe a kan keke tun safe har asuba, baya ya riƙe, wuya ya sage, gwiwa kamar an buga mata guduma. To akwai wani kemis a bayan layinmu, da ka leƙa kace a baka na gajiya shikenan, zai ɓallo maka ƙwaya 4 ko 5 kala-kala, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya ƙulla a 'yar leda ya miƙo maka, mu haɗi muke ce masa. Ban taɓa tambayar sunan ko ɗaya ba, ni dai na san in na kora shi da shayi mai kauri na ɗora goro a kai, bayan rabin awa sai in ji ni garau kamar an sake ni. Da farko lokacin sallah kawai nake sha, daga baya ya zama duk sati, daga baya kusan kullum, kuma yawanci cikina babu komai don in aiki ya sha kai waye yake ta abinci.

Sai ciwo ya fara. Daidai ƙahon zuciya, wani irin zugi kamar an ɗora garwashi, wani lokacin ya ratsa har baya. Ya fi tashi in yunwa ta kama ni ko can tsakiyar dare, in na ɗan ci wani abu sai ya lafa. Na koma wajen mai kemis ɗin nan dai na faɗa masa, ko kallona bai yi sosai ba yace olsa ce oga tela, zama da yunwa ne, ya bani farin maganin ruwan nan mai kama da kunun alli, yace in dinga shan madara kuma in bar yaji. Abin dariya abin takaici, a ranar ma sai da na sayi haɗin gajiyata a wajensa na haɗa da maganin olsar na tafi da su a leda ɗaya.

Daga nan aka shiga zamanin hani. Wannan yace bar yaji, wancan yace bar tsami, aka ce bar wake, bar ƙosai, bar koko, bar tumatir, bar man gyaɗa, bar lemo, bar zoɓo, wata gwaggona ma cewa tayi in bar tuwon dawa. Sai da ta kai uwargida tana min tukunyata daban, wata farar miya salam ko kare ba zai yi marmarinta ba, na rame na zama kamar sandar awo. Madarar gwangwani kuwa ba a magana, kullum akwai ɗaya a ƙarƙashin gado na huda ta na toshe da takarda, da ciwo ya tashe ni sai in kafa kai. Takan kwantar da shi kam, ba zan yi ƙarya ba, amma bayan awa 1 ko 2 sai ya dawo da ƙarfinsa har ya fi na farko. Sai daga baya likita ta min bayani cewa madara tana ɗan lulluɓe wajen na ɗan lokaci ne, sannan ita kanta tana sa tumbi ya ƙara zubo ruwan tsamin nan da yake narka abinci, kaga kenan ana maganin ƙaba kai yana kumbura.

Na gargajiya kuma babu wanda ban gwada ba. Mahaifiyata Allah ya ji ƙanta takan jiƙa min kanwa ungurnu, in na sha sai in yi wata doguwar gyatsa in ji sakayau. Na sha garin ɗanyar ayaba a kunu, na sha ruwan kabeji har sai da warinsa ya fara tada min zuciya, na sha zuma da habbatus sauda da man zaitun, na sha hulba, an kawo min nonon raƙumi, na sayi na masu mota da lasifika ranar kasuwa, waɗanda kwalba ɗaya take maganin olsa da basir da sanyi da taifot da raunin mazakuta duk a lokaci guda. Ban raina zuma ba, Allah da kansa ya ce akwai waraka a cikinta a Suratun Nahli, har gobe ina shanta. Amma ni dai shekara 9 ina shan waɗannan abubuwan da hannun dama ina zuba haɗin gajiya da hannun hagu, to ina za a ga daidai.

Azumin 2022 ne asiri ya tonu, wanda ya faɗo a watan Afrilu cikin tsananin zafin nan. Goman ƙarshe, kaya sun taru har saman tebur, masu ɗinki suna ta sintiri. Da an sha ruwa zan watsa haɗi, da sahur in ƙara wani don in iya wuni a kan keke. Sai na lura bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, yana danƙo, ga wani irin wari da ban taɓa jin irinsa ba. Ka yi haƙuri Malam Edita da wannan bayanin, dole ce ta sa, don a nan ne mutane da yawa suke halaka. Na faɗa wa wani abokina sai yace ai maganin gargajiyar da kake sha ne yake wanko dattin ciki, alamar sauƙi ce. Har daɗi naji. Kwana 3 ina haka, in na miƙe sai jiri, zuciya tana bugawa fat-fat, ina cewa azumi ne. Rana ta huɗu bayan la'asar na tashi zan ɗauko almakashi, ban ƙara sanin inda nake ba sai farkawa nayi na ganni a gadon asibiti ana ƙara min jini. Leda 2 aka sa min. Ashe wannan baƙin abin jinina ne yake tsiyaya daga gyambon, ya bi hanji ya narke ya fito a haka.

Likitar da ta duba ni wata yarinya ce, a haife ban haife ta ba amma na girme ta nesa ba kusa ba, Allah ya yi mata albarka duk inda take. Tace Malam me da me kake sha? Nace maganin olsa. Tace a'a, komai da komai nake so a kawo min, har wanda kake ganin ba magani bane. Aka aiki yaron shagona ya kwaso duk tarkacen da ke cikin durowar keke. Ta zazzage 'yar ledar haɗin nan a kan tebur tana ware su da bakin biro ɗaya bayan ɗaya, tace wannan daikulofenak ne, wannan ibufurofen, wannan firoksikam, wannan ƙaramin kuma deksametazon ne irin wanda 'yan mata suke sha don su yi ƙiba. Ta ɗago ta kalle ni tace Malam guda ɗaya a cikin ukun farkon nan ya isa ya huda cikin mutum in ya daɗe yana sha, kai kuma uku kake haɗawa har da mai ƙara musu ƙarfi, a cikin da babu abinci, shekara nawa? Nace 9. Ta ajiye biron kawai tayi shiru.

Yadda ta fahimtar da ni, kuma na riƙe shi har yau, shi ne tumbin mutum yana zubo wani ruwan tsami mai kaifin gaske don narka abinci, abin da ya hana ruwan nan cin naman tumbin kansa shi ne wani yauƙi da Allah ya shafe bangon da shi, kamar yauƙin kuɓewa. To waɗannan magungunan ciwon jikin, har da asfirin da garin nan na takarda da ake sha don ciwon kai, suna rage wannan yauƙin, sai ruwan tsamin ya samu nama tsirara ya fara ci. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wajen shiga. Nace to likita in na koma yin allurarsa fa tunda ita ba ta ciki take bi ba? Tace duk ɗaya ne, ta jini yake zagayowa ya yi ɓarnar. Wannan ya kamata masu zuwa kemis a musu allurar ciwon baya su ji shi da kyau.

Sannan tace akwai abu na biyu, wanda ma shi ya fi kawo gyambon ciki a duniya, wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta failori. Wallahi Malam Edita shekara 9 ina olsa ban taɓa jin sunan nan ba ko sau ɗaya, ba a kemis ba, ba a rediyo ba, ba a wajen masu lasifika ba. Ƙwayar tana shiga mutum ne yawanci tun yana yaro, ta ruwan sha mara tsafta ko abinci ko hannun da ba a wanke ba bayan an fito bayi, ko daga baki zuwa baki a cikin gida, sai ta nutse cikin yauƙin nan ta yi zamanta shekara da shekaru, tana fitar da wani sinadari da yake kashe kaifin ruwan tsamin da ke kewaye da ita shi ya sa ba ya ƙona ta. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, a irin ƙasashenmu ma abin ya fi haka, sai dai ba kowa take yi wa gyambo ba, kamar mutum 1 ko 2 ne cikin 10. Aka karɓi bayan gidana aka gwada, sai ga ta. Kenan ni biyu ta haɗar min, ga ƙwaya ga haɗi.

Da na samu sauƙi ɗana na fari ya binciko min labarin a waya ya karanta min, abin ya burge ni shi ya sa zan ɗan faɗa. Ashe su ma Turawan da can irin tunaninmu suke yi, wai damuwa ce da yaji da yawan ruwan tsami, su ma madara suke ɗura wa masu ciwon, wasu har a yanke musu wani sashe na tumbi. Sai wasu likitoci 2 a Ostireliya, Robin Waran da Bari Mashal, suka gano ƙwayar nan a 1982, manyan likitoci suka ƙi yarda, suka ce babu wani abu mai rai da zai iya zama cikin wannan ruwan tsamin. Da Mashal ya ga an ƙi sauraronsa sai a 1984 ya kaɗa ƙwayoyin a ruwa ya shanye da gangan, cikin 'yan kwanaki ya fara amai bakinsa yana wari, aka leƙa cikinsa aka ga tumbin ya kumbura ga ƙwayar nan ta kama. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ka duba fa, yau fiye da shekara 40 da gano abin, amma har yanzu a layinmu ana ce wa mutum yunwa ce ya je ya sha madara.

Ba wai nace yunwa da yaji ba su da laifi ko kaɗan ba. In kana da gyambo a ƙafa aka barbaɗa maka barkono ai sai ka yi ihu, amma ba barkonon ne ya sare ka ba. Haka zama da yunwa da yaji da goro da kofi da lemukan ƙara kuzarin nan da samari suke ɗirka, suna tada ciwon da yake akwai. Sigari kuwa ta fi su sharri don tana hana gyambon haɗewa. Likitar cewa tayi abin da ka ci ka ji ya dame ka to ka bar shi, wanda bai dame ka ba ka ci abinka, babu dalilin da zai sa mutum ya haramta wa kansa wake da ƙosai don kawai maƙwabcinsa ya ce.

Bayan sallah aka tura ni asibitin koyarwa na Shika a Zariya aka min abin da suke kira endoskofi, wata siririyar roba ce mai kyamara a baki ake zura ta ta maƙogwaro har tumbi. Na ji tsoro ba kaɗan ba, na kwana ina juyi, ashe abin ko minti 15 bai kai ba, sun fesa min wani abu a maƙogwaro ya yi dindiris, sai dai yunƙurin amai da hawaye. Aka nuna min hoton a talabijin ɗinsu, ga ramin nan fari-fari a farkon ƙaramin hanji, bai fi girman ƙwayar gyaɗa ba. Na tsaya ina kallonsa ina cewa yanzu wannan ɗan abin ne ya hana ni cin ƙosai shekara 9.

Maganin da aka ɗora ni a kai na kwana 14 ne, kala 3, safe da yamma, omefrazol da wasu masu kashe ƙwayar cuta guda 2, amoksisilin da kilaritromaisin. A nan ma akwai magana, don maganin ba daɗi. Bakina ya koma ɗaci kamar na tsotsi tsohon kwabo, ga tashin zuciya ga ɗan gudawa, kuma zuwa kwana na 5 ciwon ya ɗauke ɗif, sai shaiɗan ya fara raɗa min ai ka warke me za ka ci gaba da wahalar da kanka. Uwargida ce ta tsaya tsayin daka, ta samu kalandar bango tana ja min layi da gawayin girki duk sanda na sha, in na fara noƙe-noƙe sai tace Malam ni fa ba zan ƙara zaman jinya a kan tabarmar asibiti ba, ka shanye kawai. Allah ya saka mata. Likita ta riga ta gargaɗe ni cewa in ka tsaya a rabi ka kashe maciji ne baka sare kansa ba, ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, in suka farfaɗo maganin farko ba zai ƙara jin su ba. Tace ma wannan ɗabi'ar tamu ta shan Flagyl da kafso ja da baƙi kamar gyaɗa duk sanda ciki ya ɗan murɗa, ita ta sa ƙwayar ta fara gagarar wasu magungunan, har wani sai an canza masa haɗi mai kala 4.

Don Allah kada wani ya karanta sunayen nan ya ruga kemis yace a bashi. Akwai wanda jininsa bai haɗu da dangin fenisilin ba, amoksisilin zai iya kai shi lahira, akwai mai ciki, akwai mai shan wasu magungunan da basa jituwa da waɗannan. Na faɗi sunayen ne don mutum ya san akwai abin da ya wuce farin ruwa da madara, ya je ya nema a inda ya dace.

Bayan kwana 14 na ci gaba da omefrazol shi kaɗai na wasu makonni don ramin ya ƙarasa haɗewa, kuma sai a lokacin na san ashe kamar rabin awa kafin cin abinci ake shansa, ni da sai ciwo ya tashi nake watsawa kamar yadda saurayin nan yayi a shagona. Sannan aka ce in dawo a sake gwajin bayan gida, amma sai an yi aƙalla sati 4 da gama masu kashe ƙwayar, kuma in dakata da omefrazol sati 2 kafin gwajin don yana ɓoye ta a ga kamar babu. Wani abin da ya kamata mutane su sani, gwajin jini da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji ba ya nuna ko ka warke, don ko ƙwayar ta mutu jini yana iya ci gaba da nuna alamarta shekaru, na san wanda aka sa shi ya maimaita maganin har sau 3 saboda wannan. Nawa dai ya fito babu. Yau shekara 3 da wani abu, ina cin wake da shinkafa da mai da yaji, ina cin ƙosai da koko, nayi azumi cikakke ba tare da na dafe ciki ba. In baya ya dame ni farasitamol nake sha, shi ma likita tace kada ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 a yini don hanta, na kuma sa kafinta ya ɗaga min kujerar keke, in na yi awa 1 sai in tashi in miƙe in ɗan zaga. Duk kuɗin da na kashe daga gwaji zuwa Shika zuwa magani, in aka lissafa bai kai abin da na zubar a madarar gwangwani da kwalaben masu lasifika ba.

Akwai kuma wani ɓangaren da yake ban tsoro, shi ne yadda muke kiran duk wani ciwo da ke tsakanin ƙirji da cibiya da suna olsa. Wani ƙwarnafi ne kawai yake damunsa, wani tsakuwa ce a matsarmama, wani ma zuciya ce. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga ya ji ƙirjinsa ya ɗaure yana gumi, sai a ce olsarsa ce ta tashi a jiƙa masa kanwa, alhali ita kanwar ma gishiri ne a cikinta mai yawa, bata dace da mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba. Wani kawuna, Allah ya gafarta masa, ya fi shekara ana masa maganin olsa a gida, yana ramewa, in ya ci loma 3 sai yace ya ƙoshi, daga baya abinci ya fara dawowa, wasu a dangi har suka fara cewa sammu ne an ba shi a abinci, aka dinga zargin baiwar Allah matarsa ta biyu. Sanda aka kai shi asibiti aka leƙa, ciwon daji ne a tumbi, ya riga ya yi nisa. Kuma ita wannan ƙwayar da nake magana tana cikin abubuwan da suke jawo shi, tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a wannan layin. Saboda haka wanda ya ga baƙin bayan gida irin wanda na faɗa alhali ba ya shan maganin ƙarin jini, ko yayi aman jini ko amai mai kama da garin kofi, ko yana rama ba dalili, ko haɗiya tana masa wuya, ko ciwon ya fara masa ne bayan ya manyanta, wannan ba na kemis bane. Wanda kuma ciwo ya soke shi farat ɗaya cikinsa ya ƙame kamar katako ko taɓawa ba ya so a yi, to mai yiwuwa gyambon ne ya ɓule, a nemi mota ko tsakar dare ne don aikin tiyata ne, kada a tsaya ba shi komai ta baki.

Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki shi kuma kada ya ce tela ya ce a daina, ya koma wajen likitansa su san yadda za su yi.

Maganar azumi ma mu ji tsoron Allah da kawunanmu. Ni da bakina na dinga cewa ai ba zan sha azumi a goman ƙarshe ba ko me za a yi, ina zubar da jini ban sani ba, alhali aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanakin. Ƙarshenta dai na sha na dole a gadon asibiti, kayan sallar mutane kuma sai raba su aka yi wa wasu teloli, har yau akwai wanda bai ƙara kawo min ɗinki ba.

To Malam Edita ga roƙona. Shafinku na lafiya ana karanta shi sosai, a shagona ma in an sayo jaridar sai ta zaga hannu 5 ko 6. Ku samo mana likitan ciki ya yi bayanin nan da Hausar da kowa zai gane, ba sau ɗaya ba, don ni iya abin da ya same ni na faɗa. Ku tambayar mana gwamnatocin jihohinmu me ya hana a samu gwajin bayan gidan nan a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma a farashin da talaka zai iya, tunda ba wani babban inji yake buƙata ba, kuma me ya sa in ana son leƙa cikin mutum sau da yawa sai ya yi tattaki zuwa manyan asibitoci irin su Shika ko asibitin Malam Aminu Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Hukumomin da ke ba masu kemis lasisi su ma su leƙo lunguna su ga haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda ba suna ba kwali, ba teloli kaɗai ba, direbobi da 'yan acaba da masu dako da manoma da matan da suke wuni a bakin murhu duk shi suke sha. Ban ce masu kemis duka mugaye bane, da yawansu su ne gatan unguwa in dare yayi, wanda ya dinga bani ma na tabbata bai san illar abin ba, to a koya musu. Masu tallan maganin gargajiya a rediyo kuma da suke cewa ai muna da lambar NAFDAC, a duba jikin kwalbar da kyau, sau da yawa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar bata tantance ko yana maganin abin da aka ce yana yi ba.

Shi kuwa saurayin mai shadda, na zaunar da shi a kan benci na ba shi labarin nan kaf har shayinsa ya huce, na tambaye shi ko yana shan na gajiya yace kusan kullum, don lodin buhu yake yi a kasuwar hatsi. Yace zai je a gwada shi in an biya su. Ranar Alhamis zai dawo karɓar ɗinkinsa, na riga na faɗa masa ba zan ba shi wandon ba sai ya nuna min takardar gwaji. In da hali Malam Edita a buga wannan kafin Sha'aban ya raba, don daga nan 'yan uwana teloli suke fara kwana a shago.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tela daga Funtuwa, Jihar Katsina.